Yaya ya turo min takardar wakilci in sa hannu, amma sunan da ke ciki ba nasa ba ne

Direban Jidda: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen lauyoyi da malaman da ke cikinmu. Ina aiki a Jidda, ina da fili a Kano wajen Ɗanbare, satifiket ɗinsa da sunana. Na yanke shawarar sayar da shi in cika in sayi ginanne inda iyalina za su zauna, haya ta ishe ni. Tunda ba zan samu hutu ba sai bayan aikin Hajji, na ce wa Yayana ya tsaya min. An samu mai saye, an yi ciniki, an sallama. Jiya sai Yaya ya turo min takarda shafi uku ta WhatsApp, da Turanci, ya ce in buga ta, in sa hannu, in ba wani mai tahowa gida ya kawo. Na kai wa wani ɗan Gana da muke aiki tare ya karanta min. Abu biyu suka tsaya min a rai. Wanda aka rubuta cewa na wakilta ba Yaya ba ne, mai sayen ne. Sannan akwai inda aka ce ba ni da ikon janye wakilcin har abada, wai kuma na riga na karɓi kuɗina cif. Ni kuwa ko kafin alƙalami bai shigo asusuna ba. Na kira Yaya, ya ce haka kowa yake yi, kada in kunyata shi a gaban mutane. Don Allah haka ake yi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Kuɗi bai shigo ba ka sa hannu cewa ka karɓa? Ko da wasa kar ka fara.

Ɗan Kwari: Ka ce a fara turo kuɗin. In ka ji alat sai a yi maganar takarda.

Dillalin Filaye: Ku tsaya kar ku tsorata bawan Allah. Na daɗe a harkar nan, kuma Yayansa bai yi ƙarya ba, haka ake yi. Mai sayen fili da yawa ba gini zai yi ba, ajiye kuɗinsa yake yi. Bayan wata shida ko shekara in ya ga riba ya sayar. To in ka ce sai ya mayar da satifiket sunansa, sai ya nemi sahalewar gwamna, ya biya kuɗin sahalewa, ya biya na hatimi, ya biya na rajista, ga lauya, ga jira. Kafin takarda ta fito ma ya samu mai saye, shi ma wancan ya sake bin layi ɗaya. Shi ya sa ake karɓar takardar wakilci wadda ba ta janyuwa daga mai asalin suna, a haɗa da satifiket na asali da takardar ciniki, a riƙe. Duk wanda ya zo yin gini na dindindin shi zai je ya gyara suna. A Abuja ma haka filaye ke yawo hannu zuwa hannu. Abin da kawai zan yarda da ku a kai shi ne maganar kuɗi. Mu a ƙa'idarmu a zaune ɗaya ake yi, kuɗi na shiga ana miƙa takarda. Tunda shi yana nesa, sai ya sa hannu ya aiko wa Yayansa ya riƙe, ranar biya ya miƙa. Shi ke nan, ba wani abin tashin hankali.

Barista: Malam Direba, kada ka sa hannu a wannan takardar tukuna. Ba ina cewa Yayanka macuci ba ne, mai yiwuwa shi ma bai san abin da ke ciki ba. Lauyan mai saye ne ya rubuta, kuma lauya wanda ya ɗauke shi yake karewa.

Takarda biyu aka cakuɗa maka. Wadda kai kake nufi ita ce ka ce na wakilta Yayana wane ya sa hannu a madadina wajen sayar da fili kaza. Wadda aka turo maka kuwa ita ce wadda masu saye ke karɓa bayan sun gama biya. Irin wannan ta biyun tana da ƙarfi na daban. Akwai dokar Ingila ta 1882 kan cinikin gidaje da filaye, cikin waɗanda muka gada, har yau ana kafa hujja da ita a kotunan Arewa. Ta ce idan aka ba da wakilci saboda kuɗin da aka karɓa, aka kuma rubuta cewa ba ya janyuwa, to mai bayarwar ba zai warware shi shi kaɗai ba, kuma mutuwarsa ko taɓuwar hankalinsa ba sa rushe cinikin wanda ya saya ta hannun wakilin. Ka ga ke nan ranar da takardar ta isa hannun mutumin nan da sa hannunka a jiki, yana iya sayar wa wani washegari, kai kana can kana duba waya. In ka je kotu ka ce ba a biya ka ba, sai a buɗe shafi na biyu a nuna maka inda ka amsa da kanka cewa ka karɓa. Kana iya cin shari'ar, amma kai za ka yi ta ɗawainiyar tabbatarwa, daga Jidda, da kuɗin aljihunka.

Kuma ka sa abokin naka ya sake duba maka wani wuri: fili ɗaya aka ambata da lambarsa, ko an rubuta duk abin da ka mallaka a jihar? Sayarwa kaɗai aka ba shi iko, ko har da jinginarwa a banki? Irin waɗannan takardu kwafar su ake yi daga tsohuwa, a canza suna kawai.

Direban Jidda: Barista ya sake dubawa yanzu. Akwai lambar filin, amma akwai jingina da ba da haya da shigar da ƙara da sunana, har da ikon ya naɗa wani wakilin a madadinsa.

Dillalin Filaye: Ai duk haka take, Barista. In mutum ya biya kuɗinsa filin nasa ne, ya jinginar ko ya kyautar ina ruwan wanda ya sayar? Ku lauyoyi kuna magana kamar kowa na da kuɗin bin matakan nan. Ni na ga fili da ya bi hannu biyar da takardar wakilci ɗaya, yanzu bene ne a wurin, ba wanda ya ce uffan.

Barista: Alhaji, ban musa ka ga haka ba, ni ma na gani. Amma waɗanda nasu ya ɓaci ba wajenka suke dawowa ba, wajenmu suke zuwa. Kuma a nan mai sayen nake ji wa tsoro, ba Malam Direba ba. Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, izini ce kawai na yin aiki da sunan wani. Ta ƙara a shari'ar Chime da Chime a 2001 cewa wanda ya ba da wakilcin sayarwa bai rasa ikon sayarwa da kansa ba muddin wakilin bai riga ya sayar ba. Malam Direba zai fi kowa ganewa: maigidansa ya ba shi makulli da takardun mota yana yawo da ita duk Jidda, amma motar ba ta zama tasa ba.

Sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 22 ya hana mai satifiket miƙa wa wani ko jinginarwa ba da sahalewar gwamna ba, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 banki guda ya ga jinginar da ya riƙe ta tashi a banza saboda rashin wannan sahalewar. To mai saye na biyar da kake faɗa, sunan wa ke cikin fayil? Na mutumin farko. Ranar da aka zo biyan diyya don hanya za ta bi ta wurin, ko magadan na farkon suka je suka ce satifiket ya ɓata a ba su wani, sai ka ga wanda ke zaune a benen yana neman mutanen da bai taɓa gani ba su zo su yi masa shaida. Takardar ciniki da rasit da zamansa a wurin za su taimake shi, ban ce ba shi da komai ba. Amma kuɗin da ya guje wa biya tun farko, sai ya biya ninkinsa a kotu.

Dillalin Filaye: To a rage kuɗin a rage jiran mana, ka ga in wani zai sake bin ta nan.

Barista: A wannan kam bakinmu ɗaya.

Direban Jidda: To yanzu ni mene ne mafita? Ba na son cinikin ya watse, farashin ya yi min.

Barista: Hanya biyu ce. Mafi sauƙi ma ba ka buƙatar wakili. Ka ɗauki lauyanka a Kano, ba na mai saye ba, ya duba takardar miƙa mallaka, a turo maka ka sa hannu da kanka, ta zauna a hannun lauyan har kuɗi ya shiga asusunka sannan ya saki. In kuma kana son Yaya ya sa hannu a madadinka, a rubuta masa ta musamman: cikakken sunansa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, lambar filin da ta satifiket, aiki ɗaya wato sayarwa, mafi ƙarancin farashin da ka yarda, lambar asusun da za a zuba kuɗin, da ranar da wakilcin zai ƙare, a ce wata shida. A rubuta ƙarara cewa ba jingina, ba naɗa wani. Tunda takardar miƙa mallaka mai hatimi ce, ita ma ta wakilcin dole a yi ta da hatimi, lauya ya san wannan.

Inda za ka sa hannun ma yana da muhimmanci. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 150 ta ce kotu za ta ɗauki takardar wakilci a matsayin sahihiya idan an sa mata hannu a gaban lauya mai hatimin notari, ko alƙali, ko majistare, ko jami'in jakadancin Najeriya, suka kuma tabbatar. Kana da ƙaramin ofishin jakadancinmu nan Jidda, ka tuntuɓe su ka ji ranar da suke yi da abin da za ka zo da shi. In ta iso gida a biya kuɗin hatimi a yi mata rajista a KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kano, ta shiga fayil ɗin filin.

Mazaunin Riyad: Ƙarin bayani ga 'yan'uwa da ke nan Saudiyya. Wakalar, wato takardar wakilcin, da muke yi ta manhajar Najiz a waya, ta ma'aikatar shari'ar ƙasar nan ce, da Larabci take fita, don harkokin nan aka yi ta. Kar ka ɗauka za ka tura ta Kano a karɓa haka nan. Amma wallahi tsarinsu abin koyi ne, sai ka zaɓi ayyukan da ka ba wakili ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa'adi, ranar da ka ga dama ka shiga ka soke.

Dattijon Zaure: Ni duk na karanta, kuma akwai abin da ba ku duba ba. Mutumin nan Yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya ko? Shi ya yi ta zirga-zirga da dillalai cikin rana, ba a biya shi ko sisi ba. Yanzu ƙaninsa zai aiko masa da takarda an ƙayyade masa farashi, an ce kuɗi kar ya bi ta hannunsa, an sa masa wa'adi kamar ɗan kwangila. In ni ne sai in ce ɗauki filinka ka nemi wanda ka yarda da shi. Fili dai ana sayen wani, amma ɗan'uwa fa? Mu da muka taso mahaifinmu ya yi shekaru a Kumasi, ƙaninsa ke karɓar hayar gidajensa, ba takarda ba komai, ba a taɓa jin kansu ba.

Maman Ilham: Baba, Allah ya ƙara girma, amma bari in faɗi abin da na gani a gidanmu. Kawuna ya wakilta ƙaninsa da baki ya sayar masa da gona. Ya sayar, ya kai masa kuɗin har ɗaki a cikin leda, su biyu kawai. Bayan wata huɗu Kawu ya rasu. 'Ya'yansa suka tashi suka ce ina kuɗin gonar babanmu? Mutumin nan ya rantse ya maimaita, ni na yarda ya bayar, don kowa ya san Kawu ya biya bashi ya kuma aurar da 'ya a lokacin. Amma ba shaida. Yau shekara nawa, yaran ba sa gaishe shi, matarsa ba ta shiga gidan. Da ta banki kuɗin ya bi, da wa zai buɗe baki? Takardar nan Yayan take karewa fiye da mai filin. In ni ce Yayan, ni zan ce kar a ba ni kuɗin a hannu.

Dattijon Zaure: Wannan kuma rashin tarbiyyar yaran ne, 'yata.

Maman Ilham: To Baba ai ba a san yaran da za a bari ba.

Almajirin Zaure: Bismillah. Alhaji Dattijo, Allah ya saka da alheri kan kishin zumunci, amma ƙayyade wa wakili aiki ba baƙon abu ba ne a wajen malamanmu. Asalin wakala halal ce, Ashabul Kahfi sun aiki ɗayansu da kuɗinsu ya sayo abinci, kuma Bukhari ya ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ya sayo masa akuya. Sai dai ku duba yadda Shehu Khalil ya tsaurara a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya. Ya ce faɗin "na wakilta ka" kawai bai wadatar ba, sai dai ko ka fayyace aikin, ko ka bayyana cewa ka sakar masa komai. Kuma ko wanda aka sakar wa komai ɗin, akwai abubuwan da ba ya taɓawa sai da izini na musamman, daga ciki akwai sakin matar wanda ya wakilta shi, da aurar da 'yarsa budurwa, da sayar da gidan da yake zaune a ciki.

Wakilin sayarwa ba ya sayar wa kansa, ba ya sayar wa yaron da ke ƙarƙashin kulawarsa. Ba ya karya farashi ƙasa da na kasuwa, in ya yi mai kaya na da zaɓin ya zartar ko ya warware. Ba ya naɗa wani wakilin ba da izini ba, sai in aikin ya fi ƙarfinsa ko bai dace da irinsa ba.

Abin da Hajiya Maman Ilham ta kawo kuma yana da hukunci. Wakili amintacce ne a shari'a. In ya ce na mayar wa wanda ya wakilta ni kuɗinsa, maganarsa ake kamawa tare da rantsuwa. Wato da an je gaban alƙali, galibi baffan yaran ne zai yi nasara. Amma ku lura da fuska biyun. Wakili na gari zai kuɓuta a kotu, zargi kuma ya bi shi har kabari. Wakili maci amana shi ma zai rantse ya wuce da kuɗin. Sharaɗin a zuba a asusu ya toshe duka biyun, kuma sharaɗi ne halastacce.

Barista: Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Wakilcin da ba ya janyuwa yana da gurbi a fiƙihu?

Almajirin Zaure: Asali mai wakiltawa na sauke wakilinsa duk lokacin da ya so. Inda ake hana shi shi ne idan haƙƙin wani ya rataya a kai, kamar wanda aka wakilta ya sayar da kayan jingina don a biya mai bin bashi, ko wakilin shari'a da ya riga ya zauna da abokin husuma zama uku a gaban alƙali. Amma a sayi abu a kira shi wakilci don a kauce wa wani biya, wannan ciniki ne, hukuncin ciniki ke hawa kansa, sunan da aka sa masa bai canza komai ba. Wallahu a'alam.

Direban Jidda: Na gode ƙwarai. Na kira Yaya na ce masa lauya ya ce takardar ta mai saye ce, ba a sa mata hannu sai an biya. Ban kawo maganar rashin yarda ba sam. Ya ɗan yi shiru, ya ce shi ma dillalin ne ya miƙo masa. Zai gaya musu gobe.

'Yar Auta: Tunda ana kan maganar, ku taimaka min da tawa. Mahaifinmu gigin tsufa ya kama shi, wani lokacin ba ya gane mu. Yana da kuɗi a banki da shaguna biyu da ake haya, ga magani kullum. Babban wanmu ya ce za a rubuta takardar wakilci a kama yatsan Baba a dangwala. Ni hankalina bai kwanta ba.

Barista: Hajiya, gara da bai kwanta ba. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya ba da wakilci, takardar ba ta da inganci tun daga tushe, kuma wanda ya kama yatsan yana iya samun kansa a tuhumar jabu. Ko mai lafiya ne da bai iya karatu ba, doka ta ce sai an karanta masa da harshen da yake ji, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa ya shaida cewa an karanta masa ya gane. Ballantana wannan. Kai, ko da Baba ya ba wanku wakilci na yau da kullum tun yana lafiya, ranar da hankalinsa ya gushe wakilcin ya faɗi. Ku samo rahoton likita ku je kotu ta naɗa mai kula da dukiyarsa.

Almajirin Zaure: Haka yake a shari'a. Alƙali ne ke naɗa wanda zai tsaya kan dukiyar wanda hankalinsa ya gushe, kuma yana iya neman ya kawo lissafi. Ku je tare gaba ɗayanku, mata da maza, kowa ya ji da kunnensa.

Nas a Ingila: A nan Ingila sun yi wa wannan matsalar doka tun 2005, ta fara aiki a 2007. Mutum tun yana da hankalinsa zai rubuta wanda zai tsaya masa in ya rikice, iri biyu ce, ta dukiya daban ta lafiya daban, kuma ba ta aiki sai an yi mata rajista a ofishin gwamnati da ke sa ido kan masu riƙon. A wurin aikina kusan kullum sai mun tambayi iyalan tsoho ko akwai ta. In babu, su ma kotu suke zuwa, kuma ya fi tsada ya fi daɗewa.

Ma'aikacin Banki: Bari in ƙara wani abu da muke fama da shi. Mutum na da rai da lafiya yana iya zuwa ya cike fom ya ƙara ɗansa a matsayin mai sa hannu a asusunsa, ba matsala. Amma da zarar labarin rasuwa ya iso mana, asusun muke rufewa, ko da wakili ko babu. Sai ka ga mutum ya zo da fushi yana cewa ai ni ya rubuta a matsayin makusancinsa lokacin buɗe asusu. Wannan gurbin na wanda za a tuntuɓa ne, ba ya sa ka zama magaji, ba ya ba ka ikon cire ko kwabo. Abin da ake nema takardar kotu ce, ko ta izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, ko umarnin kotun shari'ar Musulunci da ke rabon gadon, gwargwadon tsarin bankin. Masu riƙe katin cirar kuɗin mamaci kuma suna ta zara a ɓoye kafin a sanar da banki, su sani duk cirewa da ranarta da sa'arta take fita a takardar bayanin asusu, kuma magada na neman ta.

Ɗan Kwari: To in don a yi hidimar jana'iza da sadakar uku aka cira fa?

Almajirin Zaure: Likkafani da haƙa kabari daga dukiyar mamaci suke fita kafin komai, wannan ba saɓani, a rubuta abin da aka kashe. Abincin masu zaman makoki kuwa ba ya cikin wannan, in akwai marayu ƙanana a cikin magada ba a taɓa rabonsu don shi. Wakilci kuma ya ƙare da mutuwar mai shi, dukiya ta koma ta magada tun daga wannan lokacin. Malamai sun yi saɓani ne kawai kan abin da wakili ya aikata kafin labarin mutuwar ya riske shi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar ƙananan abubuwa, kamar amsar kuɗi ko takarda a madadin wani, rubutawa kake yi ka kai meri, wato ofishin magajin gari, ko komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a buga hatimi a shaida sa hannunka ne. Amma gida mai takardar mallaka wajen noter, wato mai hatimin notari, ake zuwa, shi ke rubuta wakilcin shi ke rubuta cinikin. Gonaki kuma tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye tun daga gari har departama, wato gunduma, su ke ba da shaidar saye. Duk da haka 'yan'uwanmu da ke Libiya da Aljeriya da saƙon murya suke wakiltawa, rigimar da kuke faɗi mu ma tana nan.

Tsohon Soja: Barista, ni tawa ta riga ta faru. Lokacin da aka tura ni aiki Maiduguri na ba wani abokina takardar wakilci kan gidana na Kaduna, ya karɓi haya ya yi gyara. Lauya ya rubuta, an yi mata rajista, ban tuna an sa wa'adi ba. Na yi ritaya na dawo, ni ke karɓar hayata yanzu, ba mu yi faɗa ba. Ya koma Fatakwal da zama, ta asalin tana hannunsa. Akwai abin da ya rage in yi?

Barista: Akwai, ranka ya daɗe. Dawowarka ba ta soke ta ba. In akwai ikon sayarwa a ciki, duk wanda ya je bincike a fayil zai tarar da ita da ranta, kuma wanda ya saya da kyakkyawar niyya bai san ka janye ba, kai za ka sha wahalar ƙwatowa. Ba sai abokin naka ya ci amana ba, takarda na iya faɗawa hannun wani. Ka nemi kwafinta ka ga me da me ka ba shi. Lauya ya rubuta takardar janyewa mai hatimi, a kai masa kwafi ya sa hannu ya karɓa, a yi mata rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, inda aka yi wa ta farkon, a sanar da 'yan haya a rubuce. Ka roƙe shi ya aiko da ta asalin. In ya ce ta ɓata, a buga sanarwa a jarida.

Tsohon Soja: Ni ko kwafin ba ni da shi, kuma lauyan ya rasu.

Barista: Tunda an yi rajista akwai kwafi a fayil ɗin gidan. Ka je da satifiket ɗinka da katin shaida ka nemi a ba ka kwafin da aka tabbatar, daga nan za a san abin da za a rubuta.